Bayan Haɗarin Mota: A Nemi Diyya Wajen Kamfani, A Gyara Da Kuɗin Aljihu, Ko A Bi Wanda Ya Yi Ɓarnar?

Mutumin da ya yi shekara uku ko huɗu yana biyan kuɗin cikakkiyar inshora, wato wadda take gyara motar mai ita har da ta wanda ya buge, bai taɓa karɓar ko sisi daga kamfanin ba, ranar da tsautsayi ya faɗa wa motarsa yakan rasa abin da ya fi masa. Bamba ta tsage, fitila ɗaya ta fashe, murfin gaba ya lotsa, mai gyara ya zagaya motar ya yanka kuɗi, shi kuma sai ya tuna cewa dillalin da ya yi masa takardu ya taɓa faɗa masa cewa duk shekarar da ta wuce bai nemi diyya ba za a rage masa kuɗi, ranar da ya nema kuwa rangwamen zai iya tafiya. Hanyoyi uku ne a gabansa: ya miƙa wa kamfaninsa buƙatar diyya, ya gyara da kuɗinsa don ya tsare rangwamen, ko kuma, idan wani ne ya buge shi, ya bi wancan direban da kamfanin da ya yi masa inshora. Kafin a auna su, dole a san yadda ake yanka kuɗin inshorar mota a Najeriya, domin a nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren lissafi.

Yadda ake yanka kuɗin, da inda rangwame yake tsayawa

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2023 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshorar da doka ta wajabta wa motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya kan dukiyar wani da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan inshora, wadda 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025, ba ta gyara motar mai ita ko kaɗan. Wanda aka yi wa ɓarna take biya. Kuɗinta tsayayye ne, ba ya raguwa don mutum ya shekara lafiya, ba ya kuma ƙaruwa don ya yi haɗari. Saboda haka duk maganar rangwame da hauhawar kuɗi bayan haɗari ta shafi mai cikakkiyar inshora ne, wadda ake yanka kuɗinta bisa darajar motar.

A cikin wannan sanarwa ta NAICOM akwai wani sharaɗi da ba a cika kula da shi ba, alhali shi ne ƙashin bayan duk lissafin da za a yi: kuɗin cikakkiyar inshora ba zai yi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar da aka rubuta wa motar ba, bayan an cire kowane irin rangwame. Ma'ana, komai yawan shekarun da mutum ya yi bai nemi diyya ba, akwai inda ragin yake cin birki. Wanda aka fara yi wa lissafi a kan kashi 7 yana da tazarar kashi 2 da zai iya saukowa. Wanda kuwa tun ranar farko a kan kashi 5 aka yi masa, ba shi da wani rangwame da zai ji tsoron rasawa, sai dai fargabar kada kamfanin ya ɗaga masa kuɗi ranar sabuntawa.

Shi rangwamen kamar tsani yake: kowace shekarar da ta ƙare ba a nemi diyya ba a hau mataki ɗaya, idan an nema a sauko. A Faransa doka ce ta tsara matakan, inda kowace shekarar lafiya take rage kashi 5 cikin ɗari har kuɗin ya koma rabi bayan shekara 13, haɗarin da laifinsa ke kan direba kuma ya ƙara kashi 25, ko kashi 12.5 idan an raba laifin. A Ingila kamfanoni da yawa suna mayar da mutum baya da matakin shekara biyu, suna kuma sayar da wani ƙarin kariya da ke tsare rangwamen. Mai mota a Najeriya kada ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin nasa. Abin da zai yi aiki a kansa shi ne abin da ke rubuce a takardar yarjejeniyarsa, ko ana sauko da shi mataki ɗaya ko biyu ne, ko kuwa ƙasan tsanin gaba ɗaya. A kuma lura cewa rangwamen na rashin neman diyya ne, ba na rashin laifi ba: mutum yana iya kasancewa a tsaye a bakin danja a zo a same shi ta baya, amma idan kamfaninsa ya biya bai samu ya karɓo kuɗinsa daga ɗaya ɓangaren ba, ana iya taɓa masa rangwame.

Ma'aunai huɗu za a bi da kowace hanya. Na farko kuɗi, na yau da na shekarun da ke tafe. Na biyu ɗorewa, wato ingancin gyaran da kuma tsawon lokacin da tabon haɗarin zai ɗauka a tarihin mutum wajen kamfani. Na uku sauƙi: takardu, zirga-zirga da kwanakin da motar za ta yi a gareji. Na huɗu kasada, wato abin da zai iya ɓullowa daga baya wanda ba a gani ba ranar haɗarin.

Hanya ta farko: neman diyya wajen kamfanin da ya yi maka inshora

Ta fuskar kuɗi, abin da kamfani zai biya ba shi ne jimlar da mai gyara ya rubuta ba. Akwai wani kaso da aka rubuta a takardar cewa mai mota ne zai fara ɗauka daga kowace ɓarna kafin kamfani ya ɗora nasa, kuma idan aka sa wa tsohuwar mota sabon kaya fil, kamar taya ko batir, kamfani yakan ce mai motar ya ƙara wani abu tunda motar ta fi yadda take kafin haɗarin. Bayan wannan sai asarar rangwamen, wadda ba a gane nauyinta sai an baje ta a kan shekaru.

A ɗauka, don misali kawai, an yi wa motar inshora a kan naira miliyan 8, kamfanin kuma yana yanka wa sabon shiga kashi 7, wato naira 560,000. Shekarun lafiya sun sauko da mai motar har iyakar da hukuma ta yarda, kashi 5, yana biyan naira 400,000. Idan ya nemi diyya aka mayar da shi ƙasan tsani, shekara mai zuwa zai biya ƙarin naira 160,000. A shekara ta biyu, a ce an ba shi ragin kashi 20 cikin ɗari na naira 560,000 ɗin, zai biya 448,000, ƙarin 48,000 ke nan. A ta uku da ragin kashi 25 zai biya 420,000, ƙarin 20,000. Sai a ta huɗu ya koma inda yake. Jimlar asarar naira 228,000. Idan kason da zai fara ɗauka naira 50,000 ne, to duk gyaran da bai kai naira 278,000 ba, neman diyya a kansa faɗuwa ce: gyaran naira 200,000 kamfani zai ba da 150,000, ya dawo ya karɓi 228,000 a hankali. Amma idan ɓarnar ta kai miliyan ɗaya da rabi, babu wani abin dogon nazari, domin asarar rangwamen ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na abin da za a karɓa ba. Kowane mai mota zai iya yin wannan lissafi da lambobinsa na gaskiya, kuma dillali mai amana ba zai ƙi faɗa masa nawa zai biya baɗi idan ya nema da kuma idan bai nema ba.

Akwai wani rami a wannan hanya da ya ƙara zurfi tun bayan faɗuwar darajar naira daga 2023. Mutane da yawa suna sabunta inshora a kan tsohuwar darajar motar don kuɗin ya yi sauƙi, alhali farashinta a kasuwa ya yi sama. Idan an rubuta miliyan 8 motar kuwa ta kai miliyan 12, kamfanin da takardarsa ta tanadi haka zai iya biyan kashi biyu cikin uku kawai na ɓarnar, wato miliyan 1 a kan gyaran miliyan ɗaya da rabi, saboda a wajensa mai motar ne ya ɗauki nauyin ragowar kason da kansa. A ganina wannan ya fi asarar rangwame cutarwa nesa ba kusa ba, amma ba kasafai ake jin masu mota suna maganarsa ba sai abin ya faru.

Ta fuskar ɗorewa, gyaran da ya bi ta hannun kamfani yakan fi zama cikakke, domin akwai mai kimanta ɓarna da zai duba abin da ke ƙarƙashin bamba, ba fenti kaɗai ba. Tabon kuwa yana zama a tarihin mutum na wasu shekaru, kuma sauya kamfani ba ya goge shi, tunda takardar neman sabuwar inshora tana tambayar haɗurran baya, amsar ƙarya kuma tana iya rushe yarjejeniyar ranar da aka fi buƙatarta. Sauƙi shi ne inda wannan hanya ta fi rauni: sanarwa cikin lokacin da takardar ta ƙayyade, hotuna, lasin tuƙi mai rai, takardun mota, kiyasin mai gyara, sau da yawa da rahoton 'yan sanda, sannan jiran mai kimantawa kafin a taɓa motar. Wanda ya yi gaggawa ya gyara kafin a zo a gani ya ba kamfani hujjar jayayya. Kasadarta kuwa ita ce mafi ƙanƙanta, domin duk abin da ya ɓullo daga baya, har da ƙorafin wanda aka buge, yana kan kamfanin gwargwadon abin da takardar ta tanada, kuma idan kamfani ya yi ta jan ƙafa akwai sashen karɓar ƙorafi a NAICOM.

Hanya ta biyu: gyara da kuɗin aljihu

Wannan ita ce mafi sauri. A je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a nemo fitila da bamba na hannu, mai bugun jiki ya daidaita, a yi fenti, cikin 'yan kwanaki mota ta koma titi, rangwame yana nan yadda yake. Ga ƙaramar ɓarna, kamar gogewar ƙofa ko karyewar madubi, babu hanyar da ta kai ta arha, musamman idan kuɗin gyaran bai ma wuce kason da mai mota zai fara ɗauka ba, inda neman diyya ba zai kawo komai ba sai ɓata tarihi.

Ɗorewar gyaran ta dogara ne ga idon mai motar da amanar makanikinsa. Bugun da ya yi kama da na bamba kaɗai yana iya taɓa lagireto, ko ya karkata ƙarfen da ke riƙe gaban motar, abin da ba zai bayyana ba sai bayan makonni, lokacin da taya ta fara cin gefe ɗaya ko inji ya fara zafi. A lokacin kuwa wa'adin sanar da kamfani ya wuce, shaidar haɗarin ma fenti ya rufe ta. Shi ya sa yake da kyau a sa a kwance bambar a duba ciki kafin a yanke shawara, ba bayan an yanke ba.

Babbar kasadar ita ce yin shiru. Yawancin takardun inshora suna wajabta a sanar da kamfani duk haɗarin da zai iya jawo neman diyya, ko da mai motar ba shi da niyyar karɓar komai. Sanarwa daban, neman diyya daban: mutum yana iya rubuta wa kamfani cewa abu kaza ya faru rana kaza, ga hotuna, ba na neman biya, ya kuma nemi a tabbatar masa a rubuce cewa rangwamensa yana nan. Wanda bai yi haka ba, idan ɗan acaɓan da ya buge, wanda ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce babu komai, ya dawo bayan sati biyu da takardar asibiti da 'yan uwansa, zai tarar kamfanin yana tambayarsa dalilin da ya sa sai yanzu yake jin labari. Duk haɗarin da jikin mutum ya taɓu a cikinsa bai dace da wannan hanya ba, komai ƙanƙantar raunin a ido, domin ita diyyar rauni da ta rai ba a ɗaure ta da iyakar miliyan 3 da aka sa wa dukiya ba.

Hanya ta uku: bin wanda ya yi ɓarnar da inshorarsa

A takarda babu wadda ta fi wannan kyau: ba ka biya komai ba, rangwamenka bai motsa ba, kamfanin wanda ya buge ka ne zai ɗauki gyaran. Iyakar abin da za a biya ta danganta da abin da ya buge ka. Motar gida miliyan 3 ce, babbar motar dakon kaya miliyan 5, adaidaita sahu miliyan 2, babur miliyan 1. Abin da ya haura haka sai a bi mai abin hawan da kansa.

Wahalar tana farawa ne daga tabbatar da cewa inshorar tasa ta gaske ce, domin takardun bogi da ake haɗawa da sabunta takardun mota sun daɗe suna yawo. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake sa lambar mota a ga ko akwai inshora mai rai a kanta, kuma ya kamata a duba tun ana wurin haɗarin kafin kowa ya tafi. Bayan haka sai ɗaya direban ya yarda ya sanar da kamfaninsa, sai an tabbatar laifin nasa ne, galibi ta rahoton 'yan sanda, kai kuma ba abokin cinikin wannan kamfani ba ne balle a yi maka kara. Motar tana iya daɗewa a ajiye.

Abin da ya fi yawa a titunanmu shi ne sulhu: jama'a su taru, a ba da haƙuri, mai laifi ya ce zai ɗauki gyaran ko rabinsa. Sulhu alheri ne idan an biya nan take ko an je gareji tare, amma alƙawarin da aka ɗauka a gaban taro yakan yi sanyi bayan an watse. Akwai kuma abin da mai cikakkiyar inshora ya kamata ya sani: idan ya karɓi wani abu ya ce ya yafe sauran, sannan ya juya ya nemi diyya wajen kamfaninsa, ya toshe wa kamfanin hanyar bin mai laifin don karɓo kuɗinsa, kuma kamfanin yana iya riƙe wannan a kansa. Akasin haka, idan ya bar kamfaninsa ya biya shi sannan kamfanin ya bi ɗaya ɓangaren ya karɓo kuɗinsa cif, yana da hujjar neman a bar masa rangwamensa, kuma wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun ranar da aka kai rahoto.

| Ma'auni | Kamfaninka | Aljihunka | Inshorar mai laifi |
|---|---|---|---|
| Kuɗin yau | Kason farko da ragin tsufan kaya | Duk kuɗin gyara | Babu, sai abin da ya haura iyaka |
| Kuɗin baɗi | Rangwame na iya raguwa | Ba ya canzawa | Ba ya canzawa |
| Ingancin gyara | Ana kimantawa a duba ciki | Ya dogara ga makanike | Ya dogara ga abin da aka amince a biya |
| Sauƙi | Takardu da jira | Mafi sauri | Mafi wahala |
| Kasada | Kaɗan | Ɓoyayyar ɓarna da ƙorafin baya | Takardar bogi da musun laifi |

Ga wanda ya zaɓi takaful saboda dalilin addini, tsarin da NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013 kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suke gudanarwa, lissafin yana da ƙarin fuska ɗaya. Abin da yake biya gudummawa ce ga asusun taimakon juna, kuma idan asusun ya yi rara a ƙarshen shekara akan raba wani kaso ga mahalartan da ba su karɓi diyya ba. Wanda ya nema zai rasa rabonsa na wannan shekarar, sai dai rarar ba tabbatacciya ba ce, tana iya samuwa tana iya rashin samuwa, don haka bai kamata mutum ya ɗauki gyaran dubban ɗaruruwa a kansa saboda ita ba.

Wace hanya ta dace da wa

Mai ƙaramar inshorar dole kaɗai ba shi da hanya ta farko game da tasa motar. Idan shi ne da laifi zai gyara tasa da kuɗinsa, amma ya sanar da kamfaninsa don ya biya wanda aka yi wa ɓarna, tunda ba shi da rangwamen da zai rasa kuma naira 15,000 ɗin ba za ta ƙaru ba. Mutane da yawa suna ciro kuɗi daga aljihu su biya abin da inshorarsu za ta iya biya, don kawai ba su san amfaninta ya wuce nuna wa jami'an hanya ba. Idan shi aka buge, hanya ta uku ce tasa.

Mai cikakkiyar inshora da ya hau saman tsani, ɓarnar kuma ƙarama ce, babu wanda ya ji rauni, an kwance an duba ciki babu komai, ya gyara da kuɗinsa ya aika wa kamfani sanarwa a rubuce. Wanda tun farko a kan kashi 5 yake biya, ma'auninsa kason farko ne da abin da dillali ya ce za a yanka masa baɗi, don haka ko matsakaiciyar ɓarna ta cancanci a nemi diyya a kanta. Wanda motarsa ita ce hanyar abincinsa, kowace rana a gareji asara ce, ya sa kuɗin kwanakin jira cikin lissafin, wanda sau da yawa yakan karkata shi ga aljihunsa a ƙaramar ɓarna, ga kamfaninsa kuma a babba, maimakon jiran kamfanin wani. Motar da aka saya da bashin banki ko ta wurin aiki ce, galibi yarjejeniyar ba ta bar wa direba zaɓi ba, sai a kai rahoto. Inda kuwa jakar iska ta fashe, ko ƙashin motar ya karkace, ko aka kai wani asibiti, a kira kamfani tun daga wurin, kada a amsa laifi da baki ko a rubuce, kada kuma a bari mai gyara ya taɓa motar sai mai kimantawa ya gan ta.